Tashar da ke zuwa bayan asuba

Shekarar da aka tura ni koyarwa lakwal, wato makarantar boko, ta Tajaye, kayan da na tafi da su katifa ce da rediyo. Rediyon irin ta masu farautar tashoshi ce, na saye ta hannun wani mai gyara a Konni. Na ɗaura mata doguwar waya daga rufin ɗaki zuwa gawo, na kafa ƙarfe a ƙasa ina zuba masa ruwa, don busasshiyar ƙasa ba ta taimakon sauti. Mutanen gari suka ce malam shuka ƙarfe yake yi. Ban damu ba. Lokacin sanyi, bayan sallar asuba, tashoshin matsakaicin zango sukan taso daga nesa, su ɗan yi magana, rana na fitowa su ɓace.

Wata tsohuwa maƙwabciyata ta yi mini sallama wata safiya. Ɗanta ya tafi cin rani bakin teku, shekara tara ke nan, lambarsa ta daina shiga. Wani da ya dawo ya ce ya ji ana karanta gaisuwarsa a wata tasha can, ran Juma'a da sassafe. Na tambayi sunansa, ta kau da kai. Ɗan fari ne, ba ta faɗi. Sai wajen ƙanenta na samo sunan.

Gaskiya ban so aikin ba. Ni tashoshi nake nema, ba mutane ba. Amma kowace Juma'a sai ta zo ta zauna bakin ƙofa da buta cike, ta shayar da ƙarfen da kanta, ta ce nawa ruwan rowa ne. Mako biyar muna jin shuu da ƙarar babura.

A na shida tashar ta fito tas. Mai shirin ya karanta takardu, can sai ga sunan, har da Tajaye a bayansa. Yana gaida maigidansa na kasuwa, da abokan shan shayi, da matarsa, da ƴaƴansa ɗaya bayan ɗaya. Aka wuce takarda ta gaba. Babu uwa a ciki. Raina ya ɓaci, na rage sauti, na ce mata wataƙila iska ta cinye wani wuri.

Ta ce iska ba ta ci komai ba, kunnenta lafiya lau. Ɗan fari ba ya kiran uwa a bainar jama'a, in ji ta, haka aka hore shi. Ban sani ba ko ta yarda da abin da ta faɗa. Ta miƙe, sai kuma ta tsaya.

“Malam, ɗiya nawa ya ƙirga? Ni sunanshi ya tsai da ni, ban bi sauran ba.”

Na ce uku.

Ta lanƙwasa yatsu uku a hankali tana kallonsu. Ba ta san da ko ɗaya ba.