Hoton da Hamadu Bai Yarda A Ɗauka Ba

Ranar Talata, sha bakwai ga Oktoba 2023, Allah Ya karɓi ran Malam Hamadu Ɗanjuma, mai shagon kwamfuta na bakin Babbar Kasuwar Garoua. Da hantsi ya faɗi daga kan kujerarsa yana cikin kwance wata waya, maƙwabta suka kai shi asibiti, bai ga azahar ba. Shekararsa hamsin da huɗu. Dukkanmu na Allah ne, kuma inda Hamadu ya tafi nan kowa zai same shi.

Hamadu, yau kwana arba'in. Ni ne Mahmudu mai atamfa, wanda shagonsa ke jikin naka shekara ashirin da ɗaya. An ce in rubuta abin da za a karanta a wurin addu'a, saboda ana ganin ba wanda ya fi ni kusa da kai. Na karɓa, domin akwai tambayar da matarka Lauratu take yi tun ranar da ka rasu, ba wanda ya ba ta amsa, ni kuma ba zan ajiye wannan takarda ba sai na amsa mata.

Tambayar ita ce, wa ya ɗauki hoton? Kowa a nan ya san hoton da nake nufi, kada wani ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Kai ne kwance a gadon asibiti, ido a buɗe, baki a sake, ba a ja maka zane ba, ba a ɗaure maka haɓa ba. A ranar, Lauratu tana Meiganga wurin sunan jikar yayarta. Dattawan unguwarmu sun shirya abin yadda aka saba: a kira wani Modibbo, babban malami na can, ya taka zuwa gidan da ƙafarsa, ya zauna, ya fara da cewa jikin ya yi tsanani, sannan a hankali ya kai ta ga maganar. Modibbo bai gama neman takalminsa ba hoton ya riga shi isa. Tana zaune tsakiyar mata da kwanon shinkafa a gabanta wayarta ta yi ƙara, wata ta turo mata, ta rubuta a ƙasa, "Wannan ba mijinki ba ne?" Haka Lauratu ta ji labarin mutuwarka.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne a duk Garoua ba wanda ya fi ka ƙin a ɗauki hotonsa a waya. Ko a bikin 'yarka Kaltumi, da masu wayoyi suka yo kanka, hularka ka cire ka kare fuska kana dariya. Mun sa maka suna Malam Ɓoye. Ni na raɗa maka shi, kuma ni na fi kowa kiran ka da shi. Kwamfutarka da salatif baƙi manne a kan idon kyamara, wayarka tsohuwa mai maɓalli wadda ko ɓarawo ba zai waiwaya ba. Nakan ce maka, "Kai wane ne da Turawa za su bar aikinsu su leƙa ka?" Sai ka ce, "Alhajin atamfa, ba ni suke leƙe ba, kowa suke leƙe, ni dai ba na son in kasance cikin kowan."

Wata rana na matsa maka sai da ka ajiye sukudireba ka yi mini bayani. Ka ce in ɗauka duk mutanen kasuwar nan sun kwashi wasiƙunsu da hotunan matansu da sirrin cinikinsu sun kai ajiya gida uku ko huɗu, gidajen mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsu ba, ba su san garinsu ba. Ka ce ajiyar ba ta dame ka ba kamar ranar da za a je karɓa, domin ƙofar ba mai amsa sallama. Na yi dariya har na kira mai shayi ya zo ya ji sabon wa'azi. Ka ɗauki sukudirebarka ka ci gaba da aiki, ba ka yi fushi ba. Ban taɓa ganin ka yi fushi a kan wannan magana ba, kuma da ka yi, wataƙila da mun ji.

Aikinka ne ya fi bakinka magana. Idan mace ta kawo gyaran waya ba ka yarda ta tafi ta bar ta. Benci ka ajiye musamman kusa da teburinka, ka ce ta zauna ta ga duk abin da hannunka ke taɓawa, in kuma gyaran zai kwana ka cire katin hotunan ka damƙa mata. Mun san abin da ake yi da hotunan matan mutane a wasu rumfunan gyara, mun san gidajen da suka mutu ta haka. Daga shagonka ko hoto ɗaya bai taɓa fita ba. Matan unguwar Hausare da na unguwar Fulɓere suna wuce masu gyara biyar su zo su jira ka cikin zafin nan na Garoua da ke narkar da kwalta.

Madam Béatrice, shugabar wata ƙaramar makaranta a bayan gari, tana nan zaune, za ta shaida. An ba ta tsoffin kwamfutoci tara da wani ofis ya zubar, kowa ya ce sun mutu, domin manhajar babban kamfanin da ke cikinsu ta daina karɓarsu. Ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a bayan moto, wato babur, ka sa musu Linux, wadda kake cewa ta jama'a ce, kowa na iya buɗe cikinta ya ga abin da take yi. Bakwai suka tashi. Ranar Asabar kana zuwa kana koya wa malamanta, ba ka taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Da ta ce za ta ɗauke ka hoto da kwamfutocin ta sa a shafin makaranta don godiya, ka ce, "Madam, ɗauki ordinatar, su suka yi aikin."

A shekarun da hanyar Kousséri ta lalace, ana tare motoci ana duba wayoyin fasinja, fatake da yawa sun biyo ta shagonka kafin su hau mota. Kana zama da mutum ka nuna masa irin tarkacen da ake turo masa yana turawa gaba ba tare da ya karanta ba. Wani mai shinkafa daga Yagoua ya gaya mini da bakinsa cewa ba don kai ba da bai san inda zai kwana ba a wannan tafiya. Abin da kake maimaita musu kullum guda ne: abin da ya fita daga hannunka ya fita, ko wa ka tura wa. Na ji ka faɗi wannan ya fi sau ɗari, ta cikin katangar langa-langar da ta raba shagunanmu.

To ga yadda garin da ka rufa wa asiri ya saka maka. Kafin a yi maka wanka hotonka ya zaga Garoua, ya kai Maga, ya kai Yawunde. Mutanen da ka gyara wa waya da ita suka tura shi. Wasu sun ɗora masa hoton fure, wasu sun sa karatu a bayansa, wani shafi mai tara labaran mutuwa ya buga shi da sunanka cikakke da sunan unguwarku. Dubban mutane sun danna alamar hawaye. A wurin jana'iza na ga wani a sahu na biyu yana nuna wa na kusa da shi, gawarka tana gabansu a lulluɓe, su suna kallon ta a buɗe. Kowa yana ganin ta'aziyya yake yi. Ba na yafe wa kowa a cikinmu wannan, kuma ina da dalilin cewa cikinmu.

Bayan addu'ar bakwai Lauratu ta aika aka kira ni. Ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dushe. Ta ce, "Alhaji, kai ne amininsa. Abu biyu nake roƙo. A cire hoton nan daga rezo, daga intanet ɗin nan, kuma a gaya mini wanda ya tsaya a kan mijina yana mutuwa ya ɗaga waya." Na ce in sha Allah. Ta yi godiya da Fillanci, ta ce, "Useko, Alhaji, Allah Ya bar zumunci."

Na farkon muka sa gaba ni da Kaltumi. Kwana tara muna zama a shagonka, a kan bencin nan na mata, muna cike takardun ƙorafi na kamfanin da shafin yake kansa. Babu lambar da za a kira, babu ofis a Garoua ko a Duwala da mutum zai je ya yi sallama. Amsar farko ta zo cikin Faransanci mai ladabi: wanda ke cikin hoton shi ne zai shigar da ƙorafi daga shafinsa. Kaltumi ta rubuta cewa ya rasu, kuma bai taɓa buɗe shafi ba. Amsa ta biyu ta ce tunda ba shi da shafi ba su san shi ba, sai a turo katin shaidarsa gaba da baya, da takardar mutuwa, da katin mai ƙorafin.

Kaltumi ta ce, "Baffa, Baba ba zai yarda ba." Ni na ce mata ba wata hanya. Ni na je na lallashi Lauratu har ta buɗe akwatinka ta miƙo katin ta ƙarƙashin labule, naɗe a cikin hankicinka. Ni na ɗora shi a kan teburinka na ɗauki hotonsa na tura. Shekara ashirin kana hana su sunanka da ranar haihuwarka da fuskarka, na ba su duka a rana ɗaya. Bayan kwana uku amsa ta zo, layi biyu: sun duba, hoton bai saɓa wa ƙa'idojinsu ba, suna godiya da muka taimaka wajen tsaftace dandalin. Har da tambayar ko mun gamsu da hidimarsu. Hoton yana nan har yanzu, wanda ya rubuta sunanka shi zai fara gani.

Saura roƙo na biyu. Lauratu, ki saurara.

Lokacin da likita ya girgiza kai ya fita, ni kaɗai ne a ɗakin. Na kira yayansa Youssouf a Kousséri. Youssouf bai yarda ba, domin shekara biyu da suka wuce an taɓa kiransa da labarin mutuwar ƙarya, ya yi tafiyar kwana guda a banza. Ya ce, "Ba na tasowa sai na gani da idona. Turo mini." Zanen yana nan a ƙafar gadon, hannuna ɗaya zai iya jawo shi. Ban jawo ba. Ban rufe masa ido ba. Na ɗaga wayata na ɗauka, na tura wa mutum ɗaya, ɗan'uwansa na jini, na ce wa kaina wannan ai ba yaɗawa ba ne. Youssouf ya tura wa mutum ɗaya don ya tabbatar masa. Wannan ma ya tura wa mutum ɗaya. Na bi sawun abin daga baya, ban sami mugu ko ɗaya a hanyar ba, kowa amininsa ya tura wa. Minti arba'in ya ɗauka ya iso kwanon shinkafarki.

Wanda kike nema ni ne. Ni ne na zauna a gaban labulenki na ce in sha Allah, na karɓi godiyarki, na sha ruwan gidanki. Kaltumi, kwana taran da muka yi muna roƙon na'ura, wayar da ta ɗauki hoton tana cikin aljihun Baffanki, a kan benci ɗaya da ke. Na goge shi tun ranar, amma wayata ta riga ta kai shi ajiya can inda Hamadu ya ce ba a amsa sallama. Makon jiya ta haɗa mini hotunan watan Oktoba da kanta, ta sa musu kiɗa: sababbin atamfofi, jikana a kan keke, sai fuskarka, Hamadu.

Ba na roƙon gafarar kowa a wannan takarda, domin roƙo a gaban jama'a tilastawa ne, kuma na riga na tilasta wa Lauratu abu ɗaya. In ta ga dama ta kira ni, in ba ta kira ba ta yi daidai. Takardar nan a tsohuwar kwamfutarka na buga ta, kwafi ɗaya, ba ta taɓa rezo ba. Idan an gama karantawa a miƙa wa Lauratu ta yi yadda take so da ita. Wanda ya ɗaga waya yanzu yana naɗar muryar mai karatu, ya sauke, ya tuna a wurin addu'ar wa yake zaune.

Allah Ya jiƙan ka, Hamadu. Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya bencin nan da kwamfutocin nan bakwai a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lauratu, da Kaltumi da mijinta, da Youssouf da iyalinsa, da 'yan'uwa na Meiganga da Maga, da Madam Béatrice da malamanta, da duk matan da yanzu ba su san inda za su kai wayarsu ba. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Ya Allah, bawanKa Hamadu ya rufa wa bayinKa asiri iyakar ƙarfinsa, Ka rufa masa nasa ranar da za a tone na kowa. Ka lulluɓe shi da rahamarKa, domin amininsa ya tsaya a kansa da zane a kusa bai lulluɓe shi ba. Amin.

Mahmudu mai atamfa
Hausare, Garoua