Wanda Zai Buɗe wa Yaya Luyen Kasuwa

Ni shayi nake sayarwa, mai ƙanƙara da mai zafi, a bakin lungunmu da ke bayan tsohuwar kasuwar Hanoi. Kujeruna na roba shuɗaye ne, na Yaya Luyen jajaye, don kada su cakuɗe in motar masu korar 'yan bakin titi ta ɓullo, kowa ya suri nasa ya ruga. Tun ina da ƙafar gudun nake zaune kusa da ita. Yanzu in sun zo sai dai in tsaya su kwashe, in bi su da baki.

Fo take yi, na kaza. Taliyar shinkafa a ƙasan kwano, tsokar kaza a yayyage a kai, lawashin albasa, ganyen lemon tsami da ta yanka siriri kamar zare, sannan ta kwarara romo. Romon shi ne sana'ar, sauran ko jikata ta iya. Citta da albasa sai ta gasa su a garwashi sun yi baƙi kafin su ga tukunya, kumfa kuwa tana tsaye a kanta da ludayi, ba ta yarda ko ɗigo ya koma. A wurin uwar mijinta ta gaji tukunyar da wurin zaman. Shi mijin ba abin da ya bar mata sai kwalaben giya da 'ya ɗaya, Ngan, wadda ta yi karatu ta tsere wa hayaƙin gawayi tun da wuri.

Rabona da romon nan tun rasuwar maigidana, da na yi alkawari a gaban turaren da nake ƙona masa ba ni ba nama har in bi shi. Amma na san abin da na bari. Akwai lokacin da mutane ke tsayuwa da kwano a hannu suna jiran wani ya ɗaga daga kujera, masu babura na ta danna musu oda, ba wanda ke gusawa.

Kowa ya san kasuwar yini tana hannun wanda ya fara saye. In mai goshi ya buɗe miki, kafin rana ta ɗaga kin kife tukunya. In kuwa mai ƙashin tsiya ne ya fara tsayawa, ya taya ya wuce, sai ki yagi takarda ki cinna mata wuta, ki kaɗa hayaƙin a kan kaya, ki ce na alheri ya zauna, na tsiya ya kama gabansa. Yaya Luyen ba ta cika ƙona takarda ba, don tana da Baba Khiem.

Tsohon direban motar lantarki ne, irin mai bin dogo a tsakiyar gari da aka daina yayinta. Kullum gari na fara haske zai ɓullo da koriyar hular kwanonsa, yana jan ƙafa, ya zauna a kujerar da ke jikin bango.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Wace lafiya, gwiwa ta kai ni ƙara. Zubo mini, 'yar nan."

Ba ya taya, ba ya neman ragi, ba ya cin bashi. Irin wannan ake nema ya buɗe kasuwa. Shekara da shekaru yana sha ya biya ya tashi, bakinsa alaikum. Sai bayan shekarar da zazzaɓin nan ya kwantar da rabin unguwa, har da ita Yaya Luyen, tsohon ya koyi tsegumi. Kafin ya taɓa taliya sai ya kurɓi romo, ya dubi sama.

"Yau teku ce ta kawo mana ziyara?"

"Bakinka ne, tsoho," in ji ta, ta yi tsaki. Amma yana sunkuyar da kai sai in ga ta ɗauko butar ruwan zafi ta tuttula a tukunya.

Wata ran kuma ya ce, "Kai, wannan kazar wanka kawai ta yi a ciki ta fita."

"To je ka inda ake dafa maka da zinariya mana."

Ta juya masa baya, ta miƙa hannu ga kwalbar ruwan kifi mai gishiri. Ni a lokacin dariya nake yi. Na ɗauka tsufa ne ya mai da shi mai mita.

Da sanyin bara ya rasu, a kwance a ɗakinsa. Yaya Luyen ta rufe kasuwa ta bi gawa, ta kuma kai kwanon fo ta ajiye a gaban hotonsa. Da ta dawo ta hura wuta, sai abu ya fara lalacewa a hankali.

Ni na fara ganewa, don a butata abin ya nuna. Mutum ya gama da kwanonta, ya matso wurina ya shanye kofi a tsaye, ya ce a ƙara. Ciniki ya buɗe mini kamar ba gobe. An ce faɗuwar wani tashin wani, amma wannan tashin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Kuma ka san mutanenmu. Ba mai duban tsabar idon dattijuwa ya ce romonta ya ɓaci. Gaishe ta za su yi har ƙasa, su tambayi lafiyar Ngan, gobe ka hango su a tsallaken titi wurin wani saurayi mai dafawa da gas yana ambaliya da farin magi. Mai gyaran babur ya tafi, malamar makaranta ta tafi, har mai aski da aka yaye shi da romon nan ya koma zagayawa ta bayan lungu don kada su haɗa ido. Munafukai, na ce a raina, ko da yake ban san me zan yi ba da ni ce su.

Ana cikin haka Diep ta fara kawo baƙi. Yarinya ce mai kai da kawo, aikinta ta kwaso Turawa da wasunsu da suka hawo jirgi takanas don su ci abincin bakin titinmu, ta bi da su lungu-lungu da 'yar lemarta ja a sama. Su zauna a kujerun Yaya Luyen gwiwoyinsu na taɓa kunnuwa, su yi ta ɗaukar kwano hoto har mai ya daskare a kan romo, sannan su sha, su lumshe ido, su ɗaga babban yatsa. Ranar da ya yi gishiri su yaba, ranar da ya yi salam su yaba. Amma suna biya, kuma in ban da su da ko rabin tukunyar ba za a sha ba.

Wata safiya wani dogo a cikinsu ya riga 'yan'uwansa isowa, ba a buɗe kasuwa ba. Ya leƙa tukunya, ya nuna kaza ya tambayi wani abu da yarensa, ya ɗauki hoto, ya shafa ciki alamar bai ji yunwa ba tukuna, ya ja da baya. Yaya Luyen ba ta jira ya bar wurin ba. Ta yagi jarida ta ƙyasta ashana, ta shiga kaɗa wuta a kan kwanuka. Shi kuwa gogan ya ɗauka wasa aka shirya masa, ya saita waya yana dariya, har da tafi.

Tun daga ranar ta kafa doka: ba baƙon da zai sha sai ɗan gari ya buɗe mata. Kuma ba kowane ɗan gari ba. Wannan ta ce fuskarsa a murtuke take, wancan ta ce daga asibiti ya fito. Sai ta zauna ta harɗe hannu, tukunya na tafasa, ruwa na ƙonewa, gishiri na ƙara taruwa a ƙasa.

"Goggo, ki duba," in ji Diep, tana duban agogo. "Mutanen nan daga wata uwa duniya suka taso saboda romonki."

"To su koma su ce sun ga tukunyar."

"Haba Goggo! Mai wainar shinkafa tana jiranmu, daga can kuma mai gahawa. Ba zan iya tsayar da su a titi kamar shanu ba."

"Wa ya riƙe ki, 'yar nan? Ƙafarki a ɗaure take?"

Diep ta yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ta sauya hanya. Ban ga laifinta ba.

Da yamma sai in ga Yaya Luyen ta karkata tukunya tana tuttular da romo a kwata. Ngan ta zo ta tarar da haka wata Lahadi, ranta ya ɓaci. Dama ta daɗe tana so uwar ta koma wurinta, can sama a dogon benen da suke haya a bayan gari, kuma akwai wani mai sayar da rigunan wayar hannu da ke zawarcin wurin sana'arta.

"Inna, ba zan zuba ido kina dafa wa kwata abinci ba. In aka shiga sabuwar shekara a haka, ki tattara ki taho."

"A sama can in yi me? In ƙirga tsuntsaye?"

"Ki huta, kamar kowace uwa."

Yaya Luyen ta ci gaba da tuttular da romonta. Ni na san abin da wurin nan yake a gare ta. A nan ta yi goyo, a nan ta yi takaba, duk wanda ya san sunanta a duniya a kan jar kujera ya san shi.

Sabuwar shekara na matsowa, takardun da take ƙonawa na ƙaruwa, har bangon bayanta ya yi baƙi. Wata safiya ana yayyafi, ba kowa a lungun sai ni da ita, na ga tana yagar jarida alhali ko kare bai gifta ba. Haƙurina ya ƙare.

"Yaya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba ƙashin tsiyar kowa ba ne. Romonki ne ya yi gishiri. Duk wanda ya sha sai ya zo ya ƙarar mini da shayi."

Na shirya wa zagi. Na san bakinta. Amma sai ta ajiye jaridar a cinya, ta ci gaba da kallon titi.

"Sai yau kika sani?"

Na matso da kujerata kusa da ita.

"Tun zazzaɓin nan ban san ɗanɗanon komai ba," in ji ta. "Romo da ruwan famfo duk ɗaya ne a bakina. Da ido nake zuba gishiri, idon ma ya fara yaudarata. Tsohon nan ya gane tun kwanon farko. Bai taɓa cewa ya sani ba, ni ma ban taɓa roƙonsa ba."

"To me ya sa kike zaune kina barin romo yana ƙonewa?"

"Jira nake wani ya kurɓa ya yi magana. Namu su yi shiru su tsallaka titi, baƙin Diep su ɗaga mini yatsa. Wanne zai gaya mini in ƙara ruwa?"

"Ki nemi wani ya riƙa ɗanɗana miki mana."

"In yi shela a unguwa mai fo ba ta da harshe? Kafin rana ta faɗi an kai labari har bakin kogi. Wa zai ƙara zama?"

Tausayinta ya kama ni. Na ce, "Ni zan karya alkawarina. Maigidana zai yafe mini. Zubo in kurɓa."

Ta dube ni, ta yi wata 'yar dariya. "Ke? Yaushe rabonki da nama? Ko ruwan da aka wanke kaza aka ba ki, cewa za ki yi ba a taɓa yin irinsa ba. Bar mamaci ya kwanta lafiya."

"To takardar fa? Ta mece ce, tunda kin sani?"

"In na ce sa'a ce ta gudu, ai ana sa ran sa'a ta dawo," in ji ta. Ta ƙyasta ashanar, ta kaɗa wutar a kan kwanukan da ba wanda ya taɓa.

Ranarta ta ƙarshe, jajibirin sabuwar shekara, babura na wucewa ɗauke da rassan furanni. Ba wanda ya buɗe mata. Can sai ga jar lemar Diep za ta gifta ta bakin lungu, baƙi na biye. Yaya Luyen ta miƙe ta ƙwala mata kira.

"'Yar nan! Kawo su."

"An buɗe miki, Goggo?"

"Kawo su, na ce."

Ta zuba musu da hannunta, ta cika kowane kwano da tsoka, har da cinyoyin da take ɓoye wa na gida. Suka yi hotunansu, suka sha, suka lumshe ido. Wata mai farin gashi ta dafa ƙirji ta yi dogon bayani, Diep ta ce wai tun da take ba ta taɓa shan romo mai daɗin wannan ba. Yaya Luyen ta yi mata murmushi ta sunkuyar da kai. Daga nan suka taso gaba ɗaya suka shanye mini buta.

Na zuba ido in ga ko za ta yagi jarida bayan sun tafi. Ba ta yaga ba. Ta tattara sauran jaridun ta ɗora kwalin ashana a kai, ta ajiye mini a kan tebur.

"Ki hura wutar shayi da su," in ji ta.

Da rana Ngan ta zo da tasi. Jajayen kujerun sun shiga but ɗin motar, amma tukunyar ta ƙi shiga, kuma Ngan ta ce ko ta shiga ba inda za a ajiye ta a can sama. Yaya Luyen ta shafa murfin sau ɗaya ta shige mota, ba ta waiwayo ba.

Yanzu mai rigunan waya ne a wurin, da kiɗansa mai fasa kunne. Har yau Diep kan tsaya da baƙinta ta nuna musu baƙin da hayaƙi ya bari a bango. Na tambayi Ngan ko uwar tana ɗan girki a can, ta ce a'a, ai sun hana ta shiga kicin, yaran ba sa iya cin abin da ta dafa. Tukunyar tana wurina, ƙanƙara nake ajiyewa a ciki.