Rapor Ɗin da Baba Isufu Ya Ɓatar

Ku 'yan Zongo kun san Baba Isufu da tura mobilet, 'yar ƙaramar babur ɗin nan tasa. Kullum da safe zai fito da ita, ya goge ta tas, ya kama ƙaho ya tura ta har gidan kaso, yana gumi yana gaisawa da mutane. In an ce, "Baba, hau mana!" sai ya ce, "Ita ke shan mai, ni kuwa ruwa nake sha. Wanne ya fi araha?"

Amma mu gandurobobi da muka yi aiki a ƙarƙashinsa, da benci muka san shi. Shi ke riƙe da harkar ma'aikata: hutu, canjin wurin tsaro, da rigingimunmu da ba sa ƙarewa. Ni kuwa da ba don shi ba, da tuni an tuɓe mini kaki, wataƙila ma a juya ni ciki in kwana da waɗanda nake tsaro. Zan zo kan wannan.

Bencin nan na bironsa, wato ofishinsa, ƙafafunsa a tsakiya suke, na gefe sun karye tun zamanin Nasara. Mutum ɗaya ba ya zama a kai. Sai biyu, kowa a bakinsa, in ɗaya ya zabura ɗayan ya sha ƙasa. Sau nawa muka roƙa a gyara! Ya ce, "Kyauta ake raba ƙusa a kasuwar Dantokpa?"

Ran nan Mamudu da Kosi suka shigo suna huci, kowa na cewa ɗan'uwansa ke zame wa tsaron rana a tsakar gida. Baba bai ko ɗago kai ba, ya nuna musu benci. Mamudu ya fara bayani, jini ya hau, ya miƙe zai rantse. Sai ji muka yi rim! Kosi a ƙasa, hula a ƙarƙashin tebur.

"Madalla," in ji Baba. "Ka kayar da shi, ka huce. Yanzu ɗaga shi, ka kakkaɓe masa wando, sai mu ji nasa."

Wallahi kafin a gama kakkaɓar wandon su biyun sun fashe da dariya, aka raba tsaron kwana bibbiyu, magana ta mutu.

Lokacin juyin juya hali ne, kowa kamarad ne, har limami in ya shigo biro kamarad ake ce masa. Wata rana aka aiko wani kamarad mai duba aiki daga ma'aikata, saurayi, takalmi na walƙiya. Kafin wani ya buɗe baki ya ɗosana a bakin benci. Subhanallahi! Ƙafafu sama, jaka gefe. Baba ya taso a natse ya miƙa masa hannu.

"Sannu, Kamarad. Ai bencin nan ya fi mu fahimtar zamani. Ba ya ɗaukar mutum shi kaɗai, sai da jama'a."

Mutumin ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. Aka ce har yabo ya rubuta.

Aikin nan yana cin mutum ta ciki, wanda bai yi ba ba zai gane ba. Ƙarar ƙarfe, wari, kuka, zagi, ka koma gida ka sauke a kan iyali. Baba yana gane wanda ya cika tun daga yadda ya ajiye makulli. Sai ya kira ka ya rubuta maka permisiyo, wato izinin fita, ta rabin yini, ya ce, "Tafi bakin teku ka zage ta. Ka zagi uwarta da ubanta. Ba ta kai ƙara." Kuma mutane na zuwa! Masunta har sun saba, in sun hango kaki sai su matsa da komarsu.

Ni ma ya tura ni, na ƙi. Na ce ni ba mahaukaci ba ne. A lokacin wani dattijon fursuna mutumin arewa, wanda nake ɗan kawo wa goro, ya rasu a hannuna da ciwon ƙirji, kuma tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Bayan mako biyu birgadiyenmu, mai kula da mu masu tsaro, ya kira ni malalaci a gaban fursunoni. Ban san sanda hannuna ya tashi ba, sai ƙarar marin na ji.

A shekarun nan wanda ya mari na gaba da shi maƙiyin juyin juya hali ne, kora ita ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Matata na da tsohon ciki, tsohuwata na ɗakina. Birgadiye ya rubuta rapor, takardar ƙarata, kuma dole ta bi ta biron Baba kafin ta wuce sama.

Bayan kwana uku shugaban gidan ya tambayi takardar. Baba ya ce, "Kamarad, akuyar mai dafa abinci ta cinye." Aka sake rubutawa. Wannan karon rufi ya yi yoyo daidai kanta, alhali rabonmu da ruwan sama wata biyu. Ta uku cewa ya yi ya ajiye ta wuri mai kyau ƙwarai, har shi kansa ya manta wurin.

Abin da ban sani ba, duk Lahadi Baba yana tura mobilet ɗin nan har unguwar Agla gidan birgadiye, ya zauna ya yi ta hira ba ya tashi. A Lahadi ta biyar mutumin ya ce, "Papa Isufu, na yafe, don Allah ka bar ni in huta!" Birgadiye bai rubuta ta huɗu ba.

Sai dai shugaban gidan ya rubuta tasa, a kan Baba, ya kai da hannunsa. Sakaci da takardun hukuma. Aka yi masa ritaya saura shekara biyu lokacinsa ya cika, ba ko taron sallama.

Na same shi bayan la'asar a ƙofar gidansa yana yanke farce. Na durƙusa. Na ce, "Baba, saboda ni..."

"Kai, tashi, kada ka kashe gwiwar wandon gwamnati!" Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni an sallame ni, ɗana. Kai saura shekara ashirin a ciki. Tsakanina da kai wa ya kamata ya yi wa wani jaje?"

Na yi shekara ashirin ɗin cif. Da wannan aikin na yi wa 'yata suna, da shi na aurar da ita. Duk sanda na ɗauko maganar godiya sai ya tambaye ni farashin doya, har Allah ya karɓi abinsa ban taɓa kai ƙarshen maganar ba. Yau ina kewarsa, kewa mai tsanani, kuma godiyar tana nan a bakina ba inda zan kai ta.

Ya Allah, bawanka Isufu ya rufa mini asiri ranar da ba ni da kowa. Ka rufa masa nasa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka isar masa da abin da bai bar ni na faɗa ba. Amin.