Kubura da Fatar Kura

Rana tsaka Gajere maharbi ya faɗo kasuwar Talatar Mafara a guje, ɗanyar fatar kura a kafaɗa, wani abu na motsi cikin burgaminsa na fatar akuya. Ya buɗe a gaban rumfar mahauta, sai ga jaririya tsirara, warin kogo na tashi daga jikinta. Ya ce a duwatsun Maradun ya tsince ta, kwance tsakanin 'ya'yan kura biyu, bayan ya harbe babbar a bakin kogon. Jaririyar ba ta rame ba. Wannan shi ya fi tsorata mutane.

Nan take kasuwa ta yamutse. Wasu suka ce 'yar ƙauyen nan ce da mahara suka ƙone, wasu suka rantse kura ce ta rikiɗa. Dattawan mahauta suka yanke cewa a ba ta nonon mutum. In ta kama, mutum ce. In ta ƙi har la'asar, Gajere ya mayar da ita inda ya ɗauko ta. Taibatu matar Hayatu mahauci, wadda ɗanta ya rasu kwanan nan, ta karɓe ta ta sa a ƙirji. Jaririyar ta sanƙare, ta kau da kai, ta yi wani gurnani da ya sa matan wurin ja da baya.

Sai aka aika a kira Inna Kubura.

Wanda bai san ta ba, ga ta. Tsohuwa ce mai zama bayan turken shanu, kusa da ganuwa. Tun da asuba take zagaya garke da ƙwarya da gishiri. Duk maraƙin da uwarsa ta mutu a hanyar Bakura, duk ɗan akuyar da aka yanka uwarsa ba a sani ba, wurinta ake kai shi. Ba ta da sarauta, ba mai yi mata kiɗa. Ta kan ce dabbobi gida-gida ne: masu rababben kofato da ke tuƙa, masu kofato guda irin doki da jaki, masu fiƙa da farce, masu gwaguya irin ɓera da kurege. Amma duk mai gashi, mai haihuwa da rai, mai ba da nono, a wurinta dangi ne da suka daɗe da rabuwa, kowa ya kama sana'arsa. Har jemage ta sa a ciki, don ta ga ɗansa manne a ƙirjin uwa, kuma tsuntsu ba ya haka.

Da ta iso ba ta dubi jaririyar ba. Fatar ta shimfiɗa, ta shafa cikinta a hankali, ta ɗago ta kalli Gajere.

"Wagga ba ta taɓa shayarwa ba, Gajere. Ba uwar ka kashe ba."

Gajere ya waiga wajen duwatsun Maradun.

Inuwa ta fara tsawo. Kubura ta tuna abin da take yi wa saniyar da ɗanta ya mutu: takan lulluɓa wa maraƙi maraya fatar ɗan da ya mutu, saniya ta shinshina, ta yarda. Ta san mai shan nono da hanci yake gane uwa kafin ido. Sai ta juya dabarar. Ta ɗauki fatar kura da jininta ta nufi Taibatu. Hayatu ya tare ta, ya ce ba a sa wa matarsa wannan ƙazanta. Taibatu ta matsar da hannunsa.

"Bar ta, maigida. Nonon nan ciwo shikai mini, ita ko yunwa takai."

Aka yafa wa Taibatu fatar. Jaririyar ta yi shiru, ta shinshina, ta laluba, ta kama. Ladan na ɗaga murya don kiran la'asar, kasuwa tsit, ba abin da ake ji sai sautin tsotso. Daga ranar, kullum Kubura na yanke ɗan yanki daga fatar, har ranar da ba abin da ya rage sai ƙirjin Taibatu. Aka raɗa wa yarinyar suna Habiba.

Inna Kubura, ke ce uwar marayun garke, ke ce kika tsaya inda maza suka ja baya. Mun gode, Allah ya saka miki da gidan Aljanna. Masu turke da masu wuƙa, ku je ku zauna kusa da ita ku koya tun tana raye, don idonta ya fara rauni.

Talatar da ta wuce Kubura na zaune a ƙofar Taibatu, Habiba na rarrafe a gabanta, sai awakin turke suka daina tuƙa lokaci guda. Wata mata ta shigo ta ƙofar Maradun, lulluɓe, tana jan ƙafafu kamar sun gaza ɗaukarta. Gaban zanenta jiƙe yake da nono. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta yi sallama da wata murya mai kauri.

"An ce ɗiyata na nan."

Habiba ta saki zanen Taibatu, ta juya, ta fara rarrafe wajenta.