Rijiyar Baba

Rijiyar ƙofar gidanmu a Challawa Baba ne ya haƙa ta sadaka, kafin Allah ya yi masa rasuwa. Rabin unguwa nan suke ɗiba. A bayan layinmu kuwa akwai kududdufin da wata masana'antar jimar fata ta daɗe tana juye dagwalonta, har ƙasar wurin ta koma kore-kore.

Da ma'aikatan muhalli suka zo kwashe dagwalon, sai suka ɗebi ruwan rijiyoyinmu a kwalabe. Suka dawo suka ce guba ta riga ta nutsa ta haɗe da ruwan ƙasa. Za su kafa inji ya riƙa zuƙowa yana tacewa, amma aikin shekaru ne, kafin nan a rufe rijiya.

Inna, mahaifiyata, ta ce atafau. Ta sa aka jawo guga, ta duba, ta shinshina, ta kurɓa.

"Launi bai sauya ba, ɗanɗano bai sauya ba, babu wari," in ji ta. "To me ya raba shi da tsarki? Haka malamai suka karantar da mu."

Na ce, "Inna, tsarki daban, lafiya daban. Cikin yara bai san fiƙihu ba."

"Ke dai bakinki ya fi ki girma."

Na san ba fiƙihun ne ya dame ta ba. Duk gugan da aka ja, lada ne yake isa kabarin mijinta, rufe rijiyar kuwa yanke masa guzuri ne. Ni ma ubana ne, wallahi abin ya ci mini rai. Amma ina gani yaran maƙwabta suna kafa kai a guga su sha, ai ba zai yiwu ba!

Na ɗauko kujera 'yar tsuguno na dasa a bakin rijiyar. Duk wadda ta zo da bokiti in nuna mata tankin ruwan sha da ma'aikatan suka kawo. Na sha baƙar magana, har da mai cewa na gaji rijiya na hana sadaka. Inna ta daina amsa gaisuwata. Ban tashi ba.

Wata safiya Inna tana zaure, wata maƙwabciyarmu ta faki idona ta cika ɗan kwano, za ta dama wa jaririnta kunun yaye. Ban ankara ba sai na ji muryar Inna:

"Zubar da shi, 'yar nan. Zubar!"

A ranar Inna ta sa aka kira mai walda. Ta hana a liƙe da siminti, murfin ƙarfe ta ce a sa, da kwaɗo. Ta ƙulle makullin a bakin zanenta, ta dube ni.

"Ranar da suka ce ruwan ya gyaru, ni zan buɗe. In ban kai ba, ke."

Injin yana nan yana zuƙa. Duk zuwan ma'aikatan sai na tare su na tambaya. Makullin yana hannuna yanzu.