Mijin da Ba Ya Cefane

Jiya ina zaune a wani shagon buga littattafai a Mokola, nan Ibadan, wani dattijo ya ɓare goro kusa da ni. Ƙamshin nan ya ɗauke ni cak ya dire ni a tsakar gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa, gaban kakata.

Ita ta haifi babana. Goro take sayarwa, kullum tana jera shi a kwando, ta lulluɓe da ɗanyen ganye, ta yayyafa ruwa. Da damina, in ruwan Ibadan ya sauko kan kwanon rufi har ba a jin magana, sai ta ja ni jikinta mu yi ta kallon ruwa yana cika bokitai.

In kai Bahaushe ne ka san tsakanin kaka da jika wasa ne. Ni mijinta ne, haka take kirana. Ina shigowa za ta ce, "Ga mijin da ba ya cefane, sai ci." Ni kuwa in ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, ai na kusa canza ki." Ta wawuro mafici ta biyo ni, in tsere, in dawo in tarar ta ɓoye mini ƙosai.

Ina aji uku na firamare, wata rana na manta abincina, ta tako da ƙafa ta kawo mini makaranta. Na warce kwanon, na ja gefen mayafinta, na yi mata gwalo. Ta tafi tana dariya. Ashe malaminmu yana kallo. Bayarabe ne, mutumin kirki, kuma a wajensu yaro har ƙasa yake kwanciya ya gaida babba. Ya zane ni a gaban aji, ya ce ba a koya mini ladabi a gida ba. Yau ban ga laifinsa ba, abin da idonsa ya gani ya hukunta. Amma ranar kunya ta shige ni har ƙashi.

Daga nan na daina wasan. In durƙusa in ce, "Ina kwana, Kaka," in tashi. Ta tsokane ni, in sunkuyar da kai. Wata safiya ta ajiye goron hannunta ta dube ni ta ce, "Wai me na yi maka ne?" Na ce babu komai. Har ta rasu ban gaya mata dalili ba, kuma wallahi abin yana cina har gobe.

Yanzu ina da ɗa ɗan shekara shida, Yarbanci da Turanci sun fi Hausa zama a bakinsa. Rannan mahaifiyata ta kira shi angonta, ya ja da baya yana kallona a tsorace. Na ga yadda fuskarta ta faɗi. Na taɓa ganin irin fuskar nan, na kuwa rantse ba za a maimaita ba.

Shi ya sa na rubuta ɗan littafin yara mai hotuna a kan ni da kakata. Mai zanen ya zana yaron kwance a ƙasa yana gaisuwa, na mayar masa. Ya ce ba uban da zai sayi littafin da yaro ke yi wa tsohuwa gwalo. Na ce ko kwafi ɗaya ba a saya ba, a zana gwalon. Sau uku muna yi kafin ya haƙura.

Kwafin farko mahaifiyata na miƙa wa. Ba ta karanta boko, amma hoto ba ya yi mata wuya. Ta zaunar da jikanta a cinya tana buɗewa. Da suka iso shafin gwalon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ba za a doke shi ba?"

"Wanda ya taɓa mini miji, da ni zai yi," in ji ta.

Ya dube ni, ya dube ta, ya ɗan zaro harshe kaɗan. Ta kai hannu za ta kama kunnensa, ya zille yana ƙyalƙyala dariya.

Sabo ta canza, harshen yaranmu ma ya canza, wannan ban isa in tare ba. Amma a gidana dai, babu tsohuwar da za ta sake tambayar jikanta me ta yi masa.