Muryar da ta fito daga bakin Farfesa

Shekara da shekaru ina cikin wata ƙungiya ta masu nazarin tarihin kasuwanci da tattalin arziki. Taronmu sau ɗaya ne a shekara, kuma a nan na saba da wani dattijon Bature, farfesa, wanda ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Kumasi yana ɗaukar hirar tsofaffin fataken goro a kaset. Duk sanda muka haɗu sai ya ce, "Malam, yaya aiki?" Hausarsa ta littafi ce, shimfiɗaɗɗiya, ba ya iya furta ƙarfe sai dai karfe.

Da ya daina zuwa taro, aka ce ciwon mantuwa ne ya kama shi, yana wani gidan kula da tsofaffi a garin Springfield, nan Amurka. Shugabar ƙungiya ta kira ni ta ce tun da ina zaune kusa, a Germantown, in daure in duba shi a madadinmu. Sai ta ƙara da cewa, a hankali, wai ya bar Turanci gaba ɗaya.

Na je wata Asabar bayan azahar. Mai kula da shi 'yar zangon Kumasi ce, mace mai kamun kai. Muka gaisa a baranda, ta tsaya ba ta buɗe ƙofar ba.

"Malam," ta ce, "ni na gane Hausa yake yi. Amma irin wannan Hausar, rabona da ita tun kakata tana da rai."

Yana zaune a kujera kusa da taga, rana ta cika ɗakin. Ya naɗe ƙafafu irin zaman tabarma, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na yi sallama. Ya amsa, sai na ji ba muryarsa ba ce. Muryar ta wani tsoho ce mai kaushin maƙogwaro, mai magana kamar ba haƙoran gaba, alhali na Farfesa suna nan reras. Kowane ƙa da ɗa yana fita daram.

"Kai yaro, daga wane zango?"

Ni da furfura a gemu. Na ce daga Kano.

"Ka bar su a ina? Sun haye kogin Kwara?"

Na ce sun haye. Idonsa ya ciko.

"Ashe sun haye. Madugu ya ce in kwanta zazzaɓin ya sauka, za a dawo a ɗauke ni. Huhun gorona biyu suna nan, ina yayyafa musu ruwa kada goron ya bushe."

Ya nuna gefen gado, inda babu komai sai takalmansa. Sannan ya sa hannu a aljihun rigar barci, ya fito da shi a dunƙule, ya yi kamar yana ɓara goro da farcen babban yatsa, ya miƙo mini rabi. Na dubi matar, ta sunkuyar da kai. Na sa hannu biyu na karɓa, na kai baki, don ba a mayar wa babba kyauta.

Na ce, "Farfesa, ba ka gane ni ba? Abokan taro ne suka aiko ni."

Ya dube ni tsaf. Idon shuɗi ne, nasa ne, amma babu alamar sani a ciki.

"Wannan da kake kira ya fita," ya ce. "Ni ya bar wa ɗakin."

Ban jima ba bayan haka. A mota na lura bakina yana ɗaci, irin ɗacin da yake komawa zaƙi idan an sha ruwa. Na tsaya a gidan mai na kuskure baki, amma har na sauka daga babban titi bai tafi ba.

Na lallashi kaina da cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron tsofaffi, dole muryar ɗayansu ta maƙale masa. Da ya rasu farkon bazara, iyalinsa suka ba ƙungiya kaset-kaset ɗin, aka ɗora mini aikin tantance su. Na saurare su duka, ɗaya bayan ɗaya, har kaka ta shigo. Tsofaffi da yawa sun yi magana, dukansu waɗanda suka je Gwanja fataucin goro suka dawo gida ne. Wannan muryar ba ta ciki.

A taron shekarar aka yi masa tsayuwar shiru, aka ce in faɗi yadda na same shi. Na ce na same shi cikin kulawa mai kyau, na zauna.

Matar nan mai kula da shi ta bar wannan aikin, yanzu tana da shagon kayan miya a Lanham. Nakan biya in sayi daddawa da kuka. Mukan gaisa, mu tambayi lafiyar yara, ta ƙulle mini leda in fita. Ba mu taɓa tayar da zancen ba.